A rubuta filayen wasanninmu kafin a yanka su a saida

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan wuri a jaridarka in yi magana kan filayen wasa, musamman ƙananan da ba su da katanga ba su da suna. Ni tsohon malamin motsa jiki ne a lakwal, yanzu ina hutu a nan Maraɗi.

Ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya turo mini hotunan wani fili da ake kira Rickwood a birnin Birmingham na jihar Alabama. Na wasan besbol ne, wanda ake jefo 'yar ƙwallo a doke ta da sanda. An buɗe shi a 1910, kuma shi ne mafi tsufa cikin filayen ƙwararrun wannan wasa a ƙasar. Ya girmi filin Fenway na Boston da aka buɗe a 1912. Ƙungiyar garin, ta ƙaramin rukuni, ita ce ta riƙa wasa a ciki, tare da ƙungiyar baƙar fata mai suna Black Barons a zamanin wariya, lokacin da ko wurin zaman kallo an raba shi. A nan shahararren ɗan besbol Willie Mays ya yi wasa a 1948 yana ɗan shekara 17. Da ƙungiyar garin ta koma sabon fili bayan 1987, mutanen gari ne suka haɗa kai suka hana tsohon ya rushe, suka bar shi ɗaliban makarantu suna wasa a ciki. Har yau da hannu ake liƙa lambobi a allon maki. A ranar 20 ga Yuni 2024 manyan ƙungiyoyi biyu suka zo suka kara a wurin, kwana biyu bayan rasuwar Mays.

Mu ma fa muna da namu. An fara gasar kokowa ta cin takobin ƙasa a Tahoua a 1975, kuma ɗan jihar nan, Yakuba Kantu, shi ya ɗauke shi. Filin kokowar Maraɗi sunansa ne ke kai, kamar yadda na Dosso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma na Langa-Langa. Wannan an kyauta. Amma tare matashi a bakin ƙofar filin ka tambaye shi wa Kantu ya kayar a karawar ƙarshe, ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne, tunda ba a koya masa a aji ba. Labarin yana bakin tsofaffi da makaɗa, su kuwa kullum raguwa suke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙananan filaye. Babu ɗan kokowar da ya fara daga babban fili. Daga dandali ake farawa, bayan an kwashe hatsi, da ganga ɗaya da farin wata. Bayan lakwal ɗin da na koyar akwai wani fili mai yashi, da dogon yaro jere a gefen gabas. Da la'asar yara su kafa duwatsu biyu su buga balo ba takalmi, da daddare kuma samari su zana da'ira su shiga, mata na guɗa. Ni da kaina nake bi da manjagara ina tsince ƙaya da fasassun kwalabe kafin a fara. Wata safiya muka tashi muka tarar an kafa turaku. Kafin damina ta zagayo bulo ya hau, yau shaguna ne. Yaran unguwar sun koma kan titi, suna buga balo tsakanin 'yan kabu-kabu, uwaye suna leƙe daga zaure hankali a tashe.

Na san gari na girma, mutane na neman wurin zama da na sana'a. To amma wanda ya raba unguwa bai ware wa yara ko taku hamsin ba, ina yake so ƙungiyar balo ta Ɗan Kasawa ta samo 'yan wasanta na gobe?

Roƙona ga masu unguwanni da hukumomin gari shi ne a zaga a ƙidaya filayen da suka rage, daga Maraɗi har Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji, Tasawa da Dakoro. Kowanne a yi masa takarda da sunan jama'a, don kada wani ya wayi gari ya ce nasa ne. A babban filin kokowa kuma a ware ɗaki ɗaya na hotuna da sunayen waɗanda suka ci takobi da shekarun da suka ci shi, a ɗauki muryar tsofaffin 'yan kokowa tun suna da rai. Wayar hannu ma ta isa wannan aiki.

Kai kuma Malam Edita, turo mana wakilinka. Zan kai shi filayen da na sani ɗaya bayan ɗaya, in haɗa shi da dattawan da suka yi kokowa a cikinsu.

Naka,
Tsohon malamin motsa jiki, unguwar Bagalam, Maraɗi