Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Katantanwar Teku ta Zamanin Da

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai, membobin wannan ƙungiya tamu ta Birnin Kebbi.

Babban aikin da ya ci mana lokaci bana shi ne tantance duwatsu masu siffar katantanwa da membobi suka tsinto a yankin Kalambaina ta Jihar Sakkwato, inda dutsen farar ƙasar da ake yin siminti da shi ya taru a ƙarƙashin tekun da ya ratsa Sahara kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Sai da muka yi wannan tafiya domin yawancin ƙasar da ke kewaye da mu shimfiɗar Gwandu ce, yashi da yumɓun da ruwan tudu ya tara, ba teku ba.

Wasu membobi sun so a rubuta wa abin da aka samo sunan Conus, jinsin dodon koɗin teku mai dafi da masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758, amma kwamitin nazari bai amince ba, kuma a ganinmu ya yi daidai. Ɓawon Conus kamar mazurari yake: kafaɗarsa faɗi gare ta, jikinsa na tsukewa zuwa ƙasa, bakinsa kuma doguwar tsaga ce siririya. Da kafaɗar nan da tsayin murɗin da ke samanta ake rarrabe nau'o'in da suka ƙare a duniya. Namu kuwa ɓawonsu ya narke tuntuni, laka ce ta cika cikinsu ta daskare, saboda haka babu leɓe ko zanen da za a dogara da shi. Bugu da ƙari, Conus mafi tsufa da aka sani bai wuce shekaru miliyan 55 ba, ke nan dutsen Kalambaina ya girme shi.

Mun kuma jarraba dabarar da masanin burbushin halittu Jonathan Hendricks ya bi a 2015, lokacin da ya haska ɓawon Conus na Jamhuriyar Dominika da hasken ultrabayolet (hasken da ido ba ya gani), zanen da ya koɗe ya sake bayyana. Mun aro fitilar duba jabun kuɗi mai ba da irin wannan haske, muka rufe tagogin aji, amma ko ɗigo bai fito ba, sai dai ɗalibai sun fahimci dalili.

Ziyarar makarantu ta gudana lafiya, kuɗin wata kuwa da sauran masu bashi. A baɗi muna buƙatar akwatin gilashi, kuma duk wanda ya tsinto dutse ya rubuta wurin da ya same shi kafin ya miƙa wa sakatare.