Robar Hannu Mai Ɗumi: Ba Ƙarin Wuta Ne Maganin Sanyin Jos Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana masu hawa mashin a Filato, da kuma abokan sana'ata masu gyaran wutar mota da babur. Tun da hunturu ya kama, ake ta kawo mini wani kaya a shagona da ke Dilimi in ɗaura: robar hannun mashin mai ɗumi, wadda aka saka wa siririyar waya a ciki, idan wuta ta bi ta sai ta yi zafi. Masu kawo ta galibi mutanen da ke sammako ne daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da dankali ko kabeji zuwa kasuwar Farin Gada da ke Jos. An dai hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru tun zamanin Jonah Jang, amma manomi da mai nono da malamin makarantar ƙauye ba su ajiye mashinansu ba. Wanda bai taɓa riƙe kan mashin da asubahin Janairu a garin da ke saman tudu mai tsayin kusan mita 1,200 ba, zai ɗauka kayan gayu ne. Idan ma'aunin zafi ya nuna 10, kai kuma kana gudun kilomita 60 a awa, abin da fatarka ke ji ya yi daidai da 5. Yatsun da suka sandare kuwa ba sa kama birki a kan lokaci.

Ƙorafin da kowa ke dawowa da shi iri ɗaya ne: "Oga, abin nan ba ya zafi, a ƙara masa wuta." Ni kuwa na ce ba wuta ce ta yi kaɗan ba, zafin ne ke tserewa.

Wannan fasaha ba don mu aka fara ta ba. Inda ta fi zama dole shi ne a babur ɗin dusar ƙanƙara, wanda ke da takalman sulɓi biyu a gaba da bel mai haƙora a baya a madadin taya. Kamfanin Polaris ya fara ƙera nasa a garin Roseau na jihar Minnesota a Amurka a shekarun 1950, Joseph-Armand Bombardier kuma ya fito da Ski-Doo a 1959 daga Valcourt a lardin Kebek na Kanada. Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna yanzu yana lardin Manitoba na Kanada, inda sanyi kan kai 30 ƙasa da sifili, kuma a irin waɗannan babura yake aiki. Da na kai masa ƙarar kwastomomina ta waya, dariya ya yi, ya ce, "Baba, ai nan ma kukan ke nan, kuma ba mai fara gyara daga batir."

Abin da suke fara dubawa shi ne ƙarfen da robar ke zaune a kai. Ƙarfe ɓarawon zafi ne, alminiyom kuwa ya fi baƙin ƙarfe saurin jan zafi kusan ninki huɗu. Don haka mai babur ɗin ƙanƙara da ya cire kan asali ya sa na alminiyom don sauƙin nauyi, sai ya tarar hannunsa ya fi da yin sanyi, alhali wayar ɗumin ba ta canza ba. Zafin yana bin ƙarfen ne iska ta kwashe. Maganinsu mai araha ne: a naɗe ƙarfen da wani abu da ba ya ɗaukar zafi kafin a manna wayar, ko dai robar nan da ke tsukewa idan ta ji wuta, ko tef mai jure zafi, sannan a toshe bakin bututun da soso ko toshiya don kada iska ta riƙa ratsawa ta ciki. Na gwada wannan a kan Boxer da Jincheng, kuma mai shi yana jin bambanci kafin ya kai Terminus.

A nan akwai wani abu da ya bambanta mu da su, kuma shi ne ke kayar da yawancin masu ɗaurawa. Babur ɗin ƙanƙara da babban yatsa ake danna totur ɗinsa, shi ya sa ma ake yi wa wannan yatsan nasa ɗan abin ɗumi daban, kuma robobin biyu duk a kan ƙarfe suke. Namu mashin murɗa totur ake yi. Hannun dama yana zaune a kan bututun leda, na hagu kuma a kan tsuran ƙarfe. Saboda haka da yawa daga masu ƙera kayan sukan yi na hagu ya fi ƙarfi. In mai gyara ya juya su, ko bai naɗe ƙarfen hagu ba, sai ka ga mutum dama na gasa shi, hagu kuma kamar ya tsoma a randa. Sai ya ce kayan jabu ne. Wani lokacin jabun ne, ban musa ba, kasuwa ta cika da su, amma sau tari aikin ne ba a yi daidai ba.

Sai iska. Duk zafin da ka ba tafin hannu, bayan hannu da gaɓoɓin yatsu suna fuskantar iska kai tsaye. Mutanen Kanada kan sa garkuwar leda a gaban hannu, ko wata jaka mai kauri da ke rufe hannu da birki gaba ɗaya. Mu ma muna da namu: na ga mai kawo tumatir da ya yanka tsohuwar jarka gida biyu ya ɗaure a gaban kowane hannu. Ba ta da kyan gani, amma wallahi ta fi robar ɗumi da aka bari a fili amfani. In kuɗinka na abu ɗaya ne, fara da tare iska. Kuma kada ka sa safar hannu mai kaurin tafi, domin ita ce za ta tsaya tsakaninka da zafin da ka saya. Nemi mai siririn tafi da kaurin baya.

Yanzu ga maganar wutar da ake ta nema a ƙara. Robobin biyu sukan ci wat 30 zuwa 40, wato wajen amfiya 3 a kan bolt 12. A mota wannan ba komai ba ne. A ƙaramin mashin mai siisii 100 kuwa, wanda kwayil ɗinsa da ƙyar yake ciyar da fitila da hon da cajin batir, babban kaya ne. Kuma zafin ba daidai da wuta yake raguwa ba, ya fi ta saurin faɗuwa: in bolt 12 ya sauko zuwa 10 saboda siririyar waya ko tsatsa a mahaɗa, kusan kashi 30 cikin ɗari na zafin ya tafi. Shi ya sa tsofaffin baburan ƙanƙara marasa batir, waɗanda ke shan wuta kai tsaye daga inji, hannunsu kan huce idan an tsaya, ya yi zafi idan an taka. Namu ma haka suke yi a cikin cunkoson Bauchi Road. Kankare tsatsa, sa waya mai kauri, ɗaure wayar da ke komawa jikin ƙarfen mashin tamau, sai ka dawo da zafin da ka ɗauka babu shi. Wanda wutar mashinsa ta dace da kwan LED zai iya cire kwan gaba mai wat 35 ya sa shi, ya sami rarar da zai ba hannu.

Abin da ya fi ɓata mini rai, Malam Edita, shi ne yadda wasu abokan aikinmu ke jona kayan nan kai tsaye a kan batir, ba fis mai yanke wuta idan ta yi yawa, ba rile mai katse ta idan an zare makulli. Mutum ya tsaya sallah ko ya shiga kasuwa ya manta bai kashe ba, batir mai amfiya 5 kuwa ba zai kai awa biyu ba ya mutu. Wannan mai sauƙi ne, a buga kik a tafi. Mai muni shi ne waya ta goge a ƙarƙashin tanki ba fis ɗin da zai yanke ta. Fis mai amfiya 5 da rile da zai katse wuta da zarar an zare makulli ba su kai kuɗin cika tanki ba. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na masu gyara su ja kunnen yara a kan wannan, masu sayar da kayan kuma su riƙa haɗawa da fis a cikin ledar.

Ga mai mashin kuma, kada ka bar gaban mai gyara sai ka duba hannun dama da kanka. Wayar da ke fitowa daga robar totur tana buƙatar ɗan sassauci domin ta juya tare da hannu, in ba haka ba za ta tsinke, ko ta riƙe totur a buɗe. Kashe inji, juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe, ka murɗa totur ka saki a kowane ɓangare. In bai koma da kansa nan take ba, a kwance a sake ɗaurawa kafin ka biya.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai gyaran wutar mota da babur,
Dilimi, Jos.