A Sama wa 'Ya'yan Talakawa Intanet na Karatu a Gida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomi da shugabannin al'ummarmu a nan Legas kan wani lamari da nake gani kullum, kasancewar ina koyar da yara darasin yamma a Agege.

Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya mai ƙwazo 'yar ajin ƙarshe na sakandare, wadda mahaifinta mai shayi ne, kuma wayarsa ce kaɗai mai shiga intanet a gidansu. Malamanta kan tura aikin gida ta WhatsApp da rana, amma ba ta ganinsa sai bayan sha ɗayan dare, idan mahaifin ya tashi daga teburinsa, domin da wayar yake duba shigowar kuɗin masu saye, ba zai iya barinta a gida ba. Sau da yawa yakan dawo caji ya kusa ƙarewa, unguwa kuma babu wuta. Na buɗe littafinta na ga tambayoyin da ta kwafa a gurguje, wasu ma rabi-rabi, abin ya sosa mini rai ƙwarai. Irinta suna da yawa a Mile 12 da Idi-Araba da Ijora.

Wannan yarinya da kwamfuta za a jarraba ta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu rubuta jarrabawar a ƙashin kansu, ba ta hannun makaranta ba. Ga shi kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, alhali magidanci bai gama farfaɗowa daga cire tallafin man fetur na 2023 ba. Duk uban da aka ba zaɓi tsakanin mudun garin rogo da katin data, kowa ya san wanda zai ɗauka, kuma babu mai ganin laifinsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da Equiano, a gaɓar Legas suka sauka. Ashe ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Hanyar gyara tana nan. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF musamman domin kai sadarwa ga waɗanda aka bari a baya, don haka ina kira a ware wani kaso daga cikinsa a samar wa ɗaliban makarantun gwamnati data mai rahusa da ƙananan na'urorin karatu, a raba ta hannun shugabannin makarantu da rajistar ɗalibai, kada abin ya zama rabon 'yan siyasa. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, mai ɗauke da darussa kyauta, amma iyayen da nake hulɗa da su ko sunansa ba su taɓa ji ba. Ya kamata dukkan kamfanonin waya su bar ɗalibai su riƙa shiga irin waɗannan shafuka ba tare da an cire musu data ba.

Mu ma da namu alhakin. Ina roƙon sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwar gwari da na shanu su buɗe asusu na musamman. A gidajen haya da muke zaune, inda iyalai goma ke tsakar gida ɗaya, na'urar intanet guda da ƙaramar sola za su wadatar da yaran gidan duka, a damƙa kulawarsu ga dattijo ɗaya mai amana, wanda zai sa ido kan abin da yaran ke buɗewa. Mu malaman darasin yamma a shirye muke mu tattara sunayen gidajen da suka fi buƙata, mu kuma koya wa yaran yadda ake amfani da na'urorin ba tare da an biya mu ba.

Wassalam,
Wani malamin darasin yamma,
Agege, Legas.