Wasiƙa daga Maradi kan sabon tsarin gyaran maganar yara a lakwal

Zuwa ga aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya Agadas, ya aiki? Nan Maradi kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, yara sun koma lakwal.

Kin tambaye ni ko canjin da aka yi mana bana bai dame ni ba. Wallahi hannu biyu na karɓe shi, kuma tunda ke ce direktar lakwal ɗinku, ina so ki san dalili. A da, sai malami ya turo yaro ake duba shi. Malami kuwa yaro mai i'ina yake lura da shi, don shi ake ji. Yarinyar da ke bencin baya, ba ta ɗaga hannu, ba ta damun kowa, sai a ce kunya gare ta ko a ce ba ta da kai, alhali sau da yawa ji ne ba ta yi sosai. Yanzu duk ɗan ajin CI, wato ajin farko na firamare, ana duba shi a makonnin farko, kamar minti 10 kowanne, kuma mai gyaran magana na shiga aji ta yi aiki tare da malami.

Da kunne ake farawa, kullum. A leƙa a ga ko yana ruwa ko ya toshe da dauɗa, a tambayi uwa ko yaron ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko hangum, don dukansu suna iya taɓa ji, sanƙarau ma ya fi muni, kuma kin san yadda yake mana a lokacin rani. In akwai na'urar gwajin ji, ana gwada kowane kunne a mitar sauti ta hertz 1000, 2000 da 4000, da ƙarfin desibel 20 zuwa 25. In babu, akwai gwajin raɗa: ki tsaya bayan yaro nisan hannu guda don kada ya karanta leɓɓanki, ki danna ƴar tsokar ƙofar ɗaya kunnen kina murzawa, ki fitar da numfashi duka, sannan ki raɗa kalmomin da ya sani ya maimaita. Fitar da numfashin nan shi ake yawan mantawa, sai raɗar ta yi ƙarfi, yaro mai matsala ya wuce gwajin. Kada kuma a yi shi a ajin zana, inda karatun maƙwabta ke ratsowa. Wanda ya kasa, a sake gwada shi bayan mako biyu, don mura kaɗai tana rage ji. In ya sake kasawa, sai asibiti.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne yanzu da harshen gida ake fara gwajin magana. Yaron da ya kasa faɗin p ko v na Faransanci ba shi da ciwon komai, Hausa ce ba ta da su. Haka ɗan Maradi da ya ce tahi ko hwara, karin harshen gidansu yake yi, ba abin gyara ba ne. Matsala ta gaske tana fitowa a harshen da uwa ke yi masa. A wurinku sai ki nemi mai jin Tamajak ko Fulatanci ya zauna da ku in yaron da su ya tashi.

Tsamin baki kuwa da hotuna ake gano shi. Ana nuna hoton kaya da na taya, ko a sa shi ya bambanta kafa da ƙafa, bari da ɓari, sara da tsara. Ɗan shekara 6 da har yanzu yake cewa taya a wurin kaya yana bukatar aiki, domin mayar da k zuwa t yakan ɓace wajen shekara 4. Harafin r kuma a yi masa haƙuri, yana cikin na ƙarshe da yara ke ƙwarewa a kai. Gyaran hawa-hawa ne: ya fara jin bambancin in ke kika faɗa, sannan ya fitar da sautin shi kaɗai, sai gaɓa irin ka, ki, ku, sai kalma, sai jimla, sai hira. Don k, a zaunar da shi gaban madubi, ya buɗe baki, kan harshe a bayan haƙoran ƙasa, ya ɗan ɗaga kai baya ya yi kamar ƙaramin tari. Inda aikin ke lalacewa shi ne gaggawa. Yaro ya iya ka sau biyu, sai a tsallake da shi zuwa jimla, tsohuwar ɗabi'a ta dawo. Kada a wuce mataki sai yana samun kamar 8 cikin 10. Zama na minti 20 sau biyu a mako da yara uku ya wadatar, muddin malami na maimaita kalmomi biyar na makon da su minti 5 kowace safiya. Wannan maimaitawar ce tsohon tsari ya rasa, don malami bai ma san abin da ake yi a ɗakin mai gyaran magana ba.

I'ina dabam take, kuma a nan nake roƙonki ki zaunar da malamanki. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi kama maza, yara da yawa kuma tana barinsu da kanta. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma kwaikwayon wani ba. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce masa ya nutsu ya yi a hankali; malami ne zai rage saurin maganarsa, ya dube shi, ya jira. In za a yi tambaya bi da bi, a sa shi cikin na farko, don jira yana ƙara ɗaure harshe. Ki lura, a karatun allo ko waƙa maganarsa santsi take, saboda haka a bar shi ya yi karatu tare da wani murya ɗaya kafin a ce ya yi shi kaɗai. Dariyar ƴan aji a tsayar da ita tun ranar farko. Iyaye kuma a gaya musu cikin ladabi cewa kai shi wurin wanzami a cire beli ba ya taɓa i'ina, sai dai haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Nauyin sabon tsarin a wurin rubutu yake: kowane yaro da takardarsa, mai ɗauke da ranar gwaji, sakamakon kowane kunne, sautukan da suka gagare shi da ranar sake dubawa. In ba a rubuta ba, kafin hutun Disamba an manta wanda aka ce a kai asibiti.

In kin sami mai zuwa nan, ki sanar da ni in aiko miki da kwafin takardar da katunan hoto. Ki fara da kunnuwan ƴan CI, ko da shi kaɗai za ki iya yi bana. Ki gaishe min da Inna da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar zumunci.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Maradi