A yi leda da ɓawo da tuka, a bar hatsi

Malam Edita,

Ina neman fili in yi tsokaci kan ledar sitacin tsirrai. Ana dafa sitacin rogo ko na masara da ruwa da giliserin, a shanya shi ya zama falle mai laushi, sai dai danshi na saurin lalata shi. Nau'in PLA, wato ledar da ake haɗawa a masana'anta daga sukarin sitaci da aka tsima, ya fi ƙwari, amma fa ba ya ruɓewa da wuri a juji ko a teku, sai a masana'antar takin da zafinta ya kai kusan digiri 58. Ya kamata kamfanoni su rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin kayan.

Kuma ban ga dalilin ƙarar da masarar ci wajen yin leda ba, alhali ga ɓawon rogo da tukar rake da kara ana zubarwa ko ƙonawa.

Naka, mai karatu.