Maganar bikin Auta, da dalilin shiruna

Assalamu alaikum, Dogo.

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka na murya ya iso, a jirgin ƙasa na saurare shi ina ta dariya ni kaɗai, har wata tsohuwa ta ja jakarta ta matsa gefe. Wato har yau kana nan da sharrinka, wai na ci dala na manta hanyar gida.

To bikin Auta dai da wuya in samu zuwa. Kafin ka buɗe baki, ba kuɗin jirgi ba ne, na san nan tunanin Bakano zai fara zuwa. Hutu ne babu.

Za ka ce in cike fom ɗin kashuwal mana, wato ɗan hutun uzuri. Ai ku 'yan gwamnatin tarayya kun more. Daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 ne hutun shekara, na rashin lafiya daban, na haihuwa daban, tun 2021 ma har maigida an ba shi kwana 14 in matarsa ta sauka. A wurin aikinmu a nan New York, Amurka, kuwa abu guda ne, PTO suke ce masa, wato lokacin da ba ka zo aiki ba amma albashinka na tafiya. Kuma da awa ake lissafa shi. Duk mako biyu in an yi biya, sai ka ga an ɗiga maka 'yan awanni can ƙasan takardar albashi, kusa da inda ake nuna harajin da aka yanke. Asusu ne guda ɗaya: zazzaɓi daga ciki, suna daga ciki, zuwa gida ma daga ciki. Sanyin bana ya tayar wa yaron nan da asma, muka yi ta sintirin asibiti, yanzu abin da ya rage ko mako bai cika ba.

Gaskiya tsarin yana da daɗinsa. Ba wanda zai tambaye ka dalili. Ka shiga manhaja a waya, ka zaɓi rana, oga ya danna amincewa, shi ke nan. Ba sai mutum ya kashe kakarsa ba. Af, ita taka da ta rasu a takarda sau nawa ne ma, tana nan dai da ƙarfinta? Ka gaishe ta.

Amma ni abin da ban so da shi, yana sa mutum rowar jinya. Za ka ga ma'aikaci yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ya zo aiki, don yana tattalin awanninsa saboda tafiyar bazara, ya shafa wa kowa. Jihar New York ta wajabta hutun rashin lafiya da biya, awa 56 a shekara ga kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye, ana tara awa ɗaya a kan kowace awa 30 ta aiki. Sai dai dokar ta yarda a haɗe shi cikin PTO, namu kuwa haka suka yi. Gwamnatin tarayyar Amurka ita ko kwana ɗaya ba ta tilasta wa kamfani ya ba da hutun shekara da biya ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya da muke rainawa ta ce aƙalla kwana 6 bayan wata 12 ana aiki. Maƙwabcina Bamaradi da na gaya masa sai da ya riƙe baki, ya ce su a Nijar kwana biyu da rabi ne kowane wata.

Akwai dai wata doka da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993, FMLA, ta hutun iyali da jinya, mako 12 ba za a kore ka ba. Amma ba ko sisi, kuma don haihuwa ne ko ciwo mai tsanani, naka ko na mata ko ɗa ko mahaifi. Biki ba ya ciki.

Sai wata rana da suke ba mu, ni hutu mai yawo nake ce mata, ka ajiye ta duk inda ka so a shekara. Ita na kashe ranar Ƙaramar Sallah. Ka ga abin mamaki, tun 2015 makarantun gwamnati na birnin nan suke rufewa ranar Idi, yara suna gida da sababbin kaya, uba kuwa in bai tanadi ranarsa ba daga masallaci sai bakin aiki da babbar riga a jaka. Hutun rasuwa kwana 3 ne a wurinmu, kuma ga 'yan uwa na jiki kawai. Lokacin Gwaggo na duba jerin, babu ƙanwar uba. Matar da ta goya ni! Ko da tana ciki ma, kwana 3 ai kafin ka bi ta Alƙahira ka sauka Kano ka juyo sun ƙare.

Wai da gaske ne mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure? Wa ta yarda? Kuma bashin nan namu na ƙwai da burodi, in ya tuna, kai ne kusa.

Saura dabara ɗaya, in roƙi hutu ba albashi, wannan kuma sai ganin damar oga, ga kuɗin haya ba ya jira. Zan yi mata magana ranar Litinin in ta shigo da fara'a. Kar ka faɗa wa Auta komai tukuna, ka san ta da kuka. Gudummawata tana tafe ta hannun Yaya.

In mutumin nan zai taho, ka ba shi yaji da kuka da kuɓewa busasshiya. Ban da kilishi, kwastam ɗin nan ba sa barin nama ya wuce, wancan karon a kwandon shara ya ƙare.

Naka,
Bazazzagin da ya fi ƙarfinka