Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Babbar Daraktar Hukumar Kamun Kifi ta Tekun Fasifik

Zuwa ga Uwargida Rhea Moss-Christian, hukumar WCPFC mai kula da kamun kifi a yammaci da tsakiyar Tekun Fasifik, Pohnpei, Maikronesiya.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, kukana a kan jiragen mamari ne, masu shimfiɗa igiyar kilomita gommai ɗauke da dubban ƙugiyoyi suna farautar kifin tuna mai manyan idanu.

A taron Rarotonga, a Tsibiran Cook, na Disamba 2023, hukumarku ta ɗaga kason wannan kifi da aka yarje wa jiragen mamarin Amurka su kama daga tan 3,554 zuwa 6,554 a shekara. Sin, Japan, Koriya ta Kudu da Taiwan kuma aka ba su damar ƙarin har kashi 10 cikin 100 in sun ƙara masu sa ido, wato jami'an da ke duba abin da ake kamawa, a jiragensu. Masana sun ce kifin bai kai ga ƙarewa ba, ban zo ja da su ba. Amma wa ke ƙirga abin da ake tsamowa?

Kowane jirgin taru a yankinku sai da mai sa ido a ciki. Jiragen mamari kuwa, kashi 5 kacal doka ta nema. Sauran, abin da kyaftin ya rubuta shi ke nan, an bar kura da ajiyar nama. Da yawansu ma ba sa zuwa tasha. Can tsakiyar teku suke juye kifin cikin jirgin sanyi, su shafe watanni ba wanda ya leƙa su. Ga kuma ƙofar haya: jirgin baƙo ya yi aiki da sunan ƙaramin tsibirin da ba a yanka wa kaso ba, kamunsa ya fita daga lissafin ƙasarsa.

Ke 'yar Tsibiran Marshall ce, kin fi ni sanin wanda ke shan wahalar: masuntan Fiji, Tonga da Samoa, masu sauke kifinsu a gida kowa na gani.

Na san ba ki da ƙuri'a, ƙasashe ne ke yanke hukunci. Sai dai rahotanni daga ofishinki suke fitowa. A taron Suva, babban birnin Fiji, a 2024, an amince da ƙa'idojin wucin gadi na sa kyamara a jirage, ba tare da tilastawa ba. Roƙona, ki sa a bayyana ƙarara kashi nawa na kamun kowace ƙasa aka gani da ido, sannan a taro mai zuwa ki shawarci wakilai kada a ƙara wa kowa ko tan ɗaya sai jiragensa na da kyamara ko mutum a ciki.

Na gode, a huta lafiya.